Sawu a Ɗakin Sarki Mu'azu

"Ba zan share ba, Goggo."

Hajiya Larai ta bar tsintsiyar a miƙe tsakaninsu kamar ba ta ji ba. Ita ce autar marigayi Sarki Mu'azu, ta tsufa har ta ranƙwafa a kan sandarta, kuma a gidan nan ba a saba ce mata a'a ba.

"Zinariya, karɓi tsintsiyar nan ki share ɗakin ubana kafin jama'a su cika."

"Na ji, Goggo. Sai 'yan sanda sun gani tukuna."

Tsohuwar fadar tana tsakiyar unguwar Briqueterie, ginin jan tubali, shagunan teloli sun matse ta ta gabas, hayaƙin masu tsire yana shigo mata ta yamma. Tun da Sarki Mu'azu ya rasu hukuma ba ta sake naɗa kowa a shiyyar ba, sai jikokinsa suka mai da gidan wurin ajiye kayan tarihi. 'Yan makaranta da baƙi sukan biya a ƙofa su shiga su ga tambura da takubba da tsofaffin sirada. Zinariya ce mai zagayawa da su. Ta karanta tarihi a jami'a, kuma ta san darajar kanta, abin da wasu a unguwar suke kira girman kai.

Ɗakin sarki shi ne ƙarshen zagaye. An shimfiɗa masa farin yashin kogin Sanaga kamar yadda yake a zamanin mai shi. Baƙo yakan cire takalmi ya tsaya a kan tabarma a bakin ƙofa, daga nan yake hango gadon sarki da koriyar alkyabbarsa mai zaren zinariya a shimfiɗe a kai. Kullum da yamma, in an tashi, Zinariya takan baje yashin da katako ya yi sumul.

Yau da safe babu alkyabba. Ƙofa a kulle take, ba a fasa komai ba. A kan yashin kuwa ga layin sawu biyu daga tabarma zuwa gado, duka yatsun suna kallon gadon. Babu ko ɗaya da ya fuskanci ƙofa.

Mahaifin Zinariya mai bin sawun shanun sata ne, daga Ngaoundéré ya zo, kuma tun tana ƙarama yake tsugunar da ita a bakin hanya yana koya mata karanta ƙasa. Ta ɗauko tasar roba a tsakar gida, ta bi gefen bango a hankali, ta kife ta a kan sawun da ya fi fita sosai. Hajiya Larai ta yar da tsintsiyar ta juya ciki.

*

Kafin hantsi ƙofar fada ta cika. Labari ya riga ya kai kasuwar Mokolo ya dawo da ƙari.

"Mutum biyu suka shiga, babu wanda ya fito!"

"Layar zana ce, wallahi. Sun ɗauka sun ɓace."

"To su wa aka sani da irin wannan asiri? Ai ba 'yan nan ba ne."

Nan take sunan Misbahu ya fito. Mai ɗinkin hannu ne, bai daɗe da zuwa daga Zariya ba, yana raɓe a shagon wani tela a layin masallaci. Jiya ya biya ya shiga, ya daɗe a kan tabarma yana kallon alkyabbar har sai da aka ce masa za a tashi. Kafin a ce haka samari sun jawo shi daga shago, hularsa a hannun wani, leɓensa a fashe.

Motar Alhaji Siddiƙ ta tsaya. Jikan sarki ne, shugaban kwamitin gidan, shi ya ɗauki Zinariya aiki, kuma ɗansa Najib ne ya kai goron neman aurenta watannin baya. Ya ɗaga hannu, hayaniyar ta kwanta.

"Kada wanda ya sake taɓa shi. Muna da hukuma." Ya dubi Zinariya. "'Yata, ke kika zagaya da shi jiya. Ki gaya wa Insifekta abin da kika gani."

Insifekta Haman Bafulatanin Garoua ne, Hausarsa tana da ɗan karkata. Ya jira.

"Na ga mutum yana kallo," in ji Zinariya. "Kallo kuwa shi ya biya kuɗin yi."

Wani daga baya ya ce, "Ka ji 'yar boko." Aka yi dariya. Insifekta ya sa Misbahu a mota, ya ce don kare lafiyarsa ne. Zinariya ta roƙe shi ya bar ɗakin a kulle yadda yake, ya ba ta lokaci. Ya dubi tasar da ke kife a kan yashi, ya ɗan yi murmushi.

"Kakana ma da ƙwarya yake rufewa," ya ce. "Zuwa jibi. Daga nan sai in tura Misbahu kotu."

*

A komisariya, ofishin 'yan sanda, ta sami Misbahu zaune a ƙasa, ya jingina da bango.

"Malam Misbahu, me ka tsaya kallo haka jiya?"

"Hajiya, aikin wuyan nan." Idonsa ya ɗan yi haske duk da kumburin. "Kakana yana yin irinsa, ya rasu ban koya ba. A garinmu yanzu babu mai yi. Da aka ce mini akwai ɗaya a nan, sai da na tara kuɗin shiga. Na so a juya mini bayansa in ga yadda zaren ya bi, na ji nauyin tambaya."

"Sun ce kana da layar zana."

"In ina da ita, zan zauna a nan sauro yana cina?"

Ta kusa yin dariya. Ta sunkuyar da kai ta dubi ƙafarsa. Doguwa ce, siririya, tsakiyarta a ɗage. Wadda ke ƙarƙashin tasa gajera ce mai faɗi, ta zauna a yashi gaba ɗayanta.

Abu ɗaya ta riga ta sani tun safe, ba ta gaya wa kowa ba. Ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne ya shiga, ya fito da baya. A layin farko dunduniya ce ta nutse, taku kuma mai tsawo. A na biyu yatsu ne suka fara sauka, taku ya gajarce, yashi ya jawu zuwa ƙofa. Ɓarayin shanu suna yin haka a daji don su ɓatar da mai binsu. Amma ɗaki mai ƙofa ɗaya, wa za a ɓatar? Nan ne kanta ya ɗaure.

*

Baba Gali mai gadi yana zaune a zaure, makulli rataye a wuyansa da igiyar fata. Tun yana saurayi yake dogarin Sarki Mu'azu, da gidan ya zama wurin kallo aka bar shi a ƙofa.

"Baba, makullin ɗakin nan guda nawa ne?"

"Nawa, naki, da na kwamiti. Ni kike tuhuma, 'yar nan? Ni da na ɗauki gawar sarki?"

"Tambaya nake yi. Bayan sallar Asuba kana nan?"

Ya kau da kai. "Na leƙa unguwar Nkomkana, jikata ba lafiya. Ban daɗe ba." Sannan ya rage murya. "In tambaya kike so, ki tambayi angonki. Wa ya kawo Baturen nan mai sayen tsofaffin kaya? Har cikin ɗakin ya kai shi, da takalmi a ƙafarsa."

Maganar ta soke ta, amma ta tafi. Ta sami Najib a shagonsa na wayoyi a bakin titi, yana ba yara umarni da Faransanci.

"Madam komiseya, babbar 'yar sanda!" ya ce yana dariya. "An ce kin kama aljani da tasa."

"Baturen da ka kawo, me ya ce game da alkyabbar?"

Dariyar ta tsaya. "Ya taya, na ce ba ta sayarwa ba ce, ya tafi. Zinariya, ni kike yi wa wannan tambaya? A gaban yarana?"

"Kowa nake yi wa."

"To ki bar yi. An kama mutum, unguwa ta huta. Baƙo ne, in an sake shi gobe ma garinsu zai koma. Ke kuwa a nan za ki zauna, a gidanmu."

"In ba shi ya ɗauka ba fa?"

"Sai me?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dubi ƙasa, bisa sabo. Ƙafarsa cikin takalmi take, amma ta san ta, ta fi ta ƙarƙashin tasa tsawo nesa. Ta fito ba ta ji sauƙin da ta zata za ta ji ba.

*

Washegari aka yi ruwa, jar laka ta cika lungu. Ta buɗe ɗakin sarki don ta tabbata rufin bai zuba a kan yashin ba. Baba Gali ya biyo ta da bokiti, ya tsaya a kan tabarma, ya duba sama, ya ga babu ɗigo. Sai ya dunƙule hannun dama ya ɗaga wa gadon da babu kowa a kai, ya sunkuya, ya ja da baya, taku ɗaya bayan ɗaya, har ya fice.

Ta ga yana yin haka sau babu iyaka. Ba ta taɓa kula ba.

"Baba, me ya sa kake fita da baya?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya sa ake alwala. "Wa yake juya wa Zaki ƙeya? Wanda ya tashi a gabansa ba ya iyawa. Ko ka so, ƙafa ba ta yarda."

"Su wa suka rage da suka tashi a gabansa?"

"Ni, sai Hajiya Larai, sai Alhaji Siddiƙ da yake riƙe masa buta yana yaro. Saura duk sun koma." Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya ajiye bokitin. "'Yar nan," ya ce a hankali, "ki ji tsoron zaman unguwa."

Da yamma mahaifiyarta ta zaunar da ita a bakin murhu. Dambun nama take yi tana sayarwa, kuma yawancin masu saye matan dangin fada ne.

"Hajiya Larai ta aiko. Ta ce in ja miki kunne. Mu fa zuwa muka yi, Zinariya. Ubanki ya rasu bai mallaki ko ɗaki a garin nan ba."

"Shi ma Misbahu zuwa ya yi, Inna."

"Shi ya sa nake gaya miki."

Zinariya ta dubi wutar murhu. Ta tuna abin da mahaifinta yakan yi in sawu ya kai shi ƙofar wanda ya sani. Yakan tsaya ya cire hula ya share zufa, sannan ya yi sallama.

*

Ranar da Insifekta ya yanka, ta baje sabon yashi a ɗaya gefen ɗakin, ta bar tsohon sawun da tasarsa. Aka taru a bakin ƙofa: Alhaji Siddiƙ da Najib, Hajiya Larai, Baba Gali, da Misbahu a gefen ɗan sanda. Dattawan unguwa suna tsaye a baya.

"Insifekta yana son kowa ya je ya nuna yadda ya ga alkyabbar a shimfiɗe a ƙarshe," in ji Zinariya. "Ta wannan gefen. Baba Alhaji, kai ne babba."

Alhaji ya cire takalmi ya taka yashin, ya isa gado, ya nuna da hannu. "Wuyan a nan, gindin a nan." Sannan ya ɗaga dunƙulen hannu, ya sunkuyar da kai, ya dawo da baya har kan tabarma, yana ci gaba da magana da Insifekta kan yadda baƙi suka ɓata unguwa.

Najib ya je, ya nuna, ya juya ya dawo. Misbahu ya je, ya juya ya dawo. Baba Gali ya je ya dawo da baya, sawunsa babba mai faso kamar busasshiyar fadama. Hajiya Larai ta ce ita ba za ta taka ba, kuma babu wanda ya matsa mata, don kowa ya san ba ta taku sai da sanda, sanda kuwa ba ta bar rami a tsohon sawun ba.

Zinariya ta nuna layin Alhaji. "Ku duba. Mutum nawa suka shiga nan?"

Dattawan suka matso suna leƙa yashin.

"Biyu, in da ba a gabanku aka yi ba. Kuma babu wanda ya fito." Ta je ta ɗaga tasar. "Wanda ya ɗauki alkyabbar bai ɓace ba. Ya ɗauka, ya gai da gadon, ya fita da baya, don ƙafarsa ba ta san wata fita daga ɗakin nan ba. Baƙo bai san wannan ladabi ba."

Insifekta ya tsuguna tsakanin tsohon sawun da sabon na Alhaji. Gajeru ne masu faɗi, lumus babu faso. A duka biyun ƙafar hagu yatsu huɗu ta bari, ƙaramin ya hau kan ɗan'uwansa bai taɓa ƙasa ba. Idanu suka sauka kan ƙafar Alhaji Siddiƙ a kan tabarma.

Bai ɓoye ta ba. Ya gyara babbar rigarsa.

"To, sai me? Kayan kakana ne. Mutum yana satar kayan gidansu?"

"Ina take, Alhaji?" in ji Insifekta.

"Tana inda za ta yi wa gidan nan amfani. Shekara da shekaru ina bin ofis-ofis a dawo mana da sarautarmu. Wani babba ya zo nan ya gani, ya yaba. Wanda zai sa hannu in ya yaba abu, kai ka san abin da ake yi. Kwamiti ba zai yarda ba, shi ya sa ban tambaya ba."

"Shi kuma wannan?" Zinariya ta nuna Misbahu. "An fasa masa baki a gabanka."

"Da ƙura ta lafa zan sa a sake shi. Ba kashe shi za a yi ba."

Hajiya Larai ta buga sandarta a ƙasa. Ba ɗan wanta ta kalla ba, Zinariya ta kalla.

"Kina zaton ke kaɗai kika iya gani? Ina leƙawa na san na gida ne. Shi ya sa na ba ki tsintsiya. Da kin share, da yaron nan ya sha kwana biyu ya fito, da asirin ubana yana rufe. Yanzu kin tara maza kin tona mu, ke da muka ɗauko."

"Goggo, ba ni na taka yashin ba."

"Rufe mini baki."

Dattawan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani yana cewa ai wannan maganar cikin gida ce. Kafin la'asar kwamiti ya janye ƙara. Insifekta Haman ya sallami Misbahu, ya tsaya kusa da Zinariya yana sa hularsa.

"Kin iya aiki," ya ce. "Allah ya ba ki haƙurin abin da zai biyo."

*

Da safe Baba Gali ya tare ta a zaure, ya miƙa hannu bai dube ta ba. Ta ciro makullin ta sa masa a tafi.

A satin nan wasu mata biyu suka zo daga gidan Alhaji karɓar kayan da aka kawo na neman aure. Najib bai zo ba, bai kira ba. Dambun Inna ya fara kwana a roba, sai da ta koma kai shi unguwar Madagascar, inda ba a san su ba, tana biyan taksi daga ribar. Misbahu ma bai tsira da zama ba. Mai shagon ya ce ba ya son fitina a wurinsa. Ranar da zai tafi Douala ya tsaya a ƙofarsu da jakarsa.

"Hajiya, ban da abin ba ki."

"Ban yi don ka ba ni ba."

"Na sani. Da na san haka zai ja miki, da na ce ni ne."

"Da ka ce haka, da na ƙaryata ka."

Bayan damina aka naɗa Alhaji Siddiƙ sarki. An yi kiɗa har layin masallaci, an raba tsire kyauta.

Zinariya ta sami koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a bayan Mokolo, albashin bai kai na da ba. Wata Asabar ta bi ta ƙofar fadar, sai ta tsaya, ta biya kuɗin shiga kamar kowa. Sabuwar mai zagayawa 'yar ƙanwar Alhaji ce, ta haddace bayanin da Zinariya ta tsara, tana karanto shi wa wasu 'yan makaranta. Da aka iso ɗakin sarki wata yarinya ta tambaya me ya sa gadon ba komai a kai.

"Alkyabbar ta tafi gyara," in ji mai zagayawar.

Zinariya ta cire takalmi ta hau tabarma. An kwashe yashin Sanaga. An shimfiɗe ɗakin da farin karo, wato tayil, mai sheƙi, irin wanda ko garken shanu ya bi ta kai ba zai bar alama ba.

A zaure Baba Gali ya kira ta da ƙaramar murya. "'Yar nan, da kin karɓi tsintsiyar nan, da yanzu kina gidan sarki."

"Na sani, Baba. Na rasa aikina, na rasa mijin da zan aura, uwata tana yawo da roba a unguwar da ba tata ba. Wanda na wanke ya bar gari, wanda ya ɗauka ya yi rawani. Abin da ƙin sharar nan ya ci mini ke nan, kuma babu wanda zai biya ni."

Ta sa takalminta. Ta juya wa fadar baya, ta fita.